Gidan Allah na Ewelme: Ginin Makaranta da Gidan Gajiyayyu a Wani Ƙauyen Ingila

A cikin lardin Okisfod na ƙasar Ingila, kamar mil 14 kudu maso gabas da birnin Okisfod, akwai wani ƙauye a gindin tuddan Chiltern mai suna Ewelme, mutanen wurin kuwa Yuwelm su ke faɗi. Asalin sunan a tsohon Turanci maɓuɓɓugar ruwa ke nan, gama akwai idon ruwa a ƙauyen wanda ya zama rafi, ya bi gefen hanya. A jikin tudun da ke bisa rafin akwai gine-gine uku a jere, wani ƙarƙashin wani. Majami'a ce a can sama, gidan gajiyayyu yana manne da ita daga ƙasa, sa'an nan makaranta a gindin tudu, bakin hanya. Mata da miji ne suka gina su a tsakiyar ƙarni na 15, har wa yau kuwa ko wanne yana bisa aikinsa: ana ibada a majami'ar, tsofaffi suna kwana a gidan, yara suna karatu a makarantar. Amma babbar fadar da masu ginin suka yi wa kansu a ƙauyen ta rushe tuni, ɗan guntu kaɗai ya rage.

Wanda ya duba gine-ginen nan uku da idon basira zai ga ba a jera su haka da ka ba. Akwai ƙa'idodi rubutattu da masu gidan suka bari, fasalin ginin kuwa ya bi su sau da ƙafa, har wanda ya karanta ƙa'idodin ya iya zana taswirar wurin tun bai je ba. Ciniki ne aka ƙulla tsakanin mawadata da matalauta, aka gina shi da tubali: su mawadata su ba da ɗaki da abinci da ilmi, su kuma matalauta su biya da addu'a.

Masu Ginin

Uwar wannan aiki ita ce Alice Chaucer, wadda aka haifa wajen shekarar 1404. Kakanta na wajen uba shi ne Geoffrey Chaucer, shahararren mawaƙin Ingila wanda ya rasu a 1400. Ubanta, Thomas Chaucer, ya shugabanci Majalisar Wakilai ta Ingila har sau 5, ya kuma sami ƙasar Ewelme ta hanyar matarsa Maud Burghersh. Alice ita kaɗai ce magajiyarsu. Ta yi aure uku. Mijinta na fari ya rasu a 1415 tana yarinya, na biyu ya mutu a yaƙin Orléans cikin Faransa a 1428, sa'an nan wajen 1430 ta auri William de la Pole, mai sarautar Suffolk.

Gidan de la Pole asalinsu fatake ne na birnin Hull, a gabar arewa maso gabas ta Ingila. Da cinikin ulu da ba sarki rance suka hau har suka shiga sarauta. Kakan William, watau Michael de la Pole, ya kafa wani gidan gajiyayyu a Hull a 1384, don maza 13 da mata 13, aka kira shi Gidan Allah. Ashe jikan gado ya yi, har sunan ma bai sake ba. William ya daɗe yana yaƙi a Faransa, aka kama shi a Jargeau a 1429, ya fanshi kansa, ya komo gida ya zama babban na hannun daman Sarki Henry na 6. A 1448 aka ba shi sarautar Duke, wadda babu ta bisanta sai ta gidan sarki.

Izni da Waƙafi

A 1437 Sarki Henry na 6 ya ba William da Alice izni su kafa gida a Ewelme don limamai 2 da matalauta 13. Adadin 13 ya yawaita a irin waɗannan gidaje, don tunawa da Almasihu da almajiransa 12. Aka yi wa gidan waƙafin gandaye uku, su ne Marsh Gibbon a lardin Buckingham, da Ramridge a Hampshire, da Conock a Wiltshire, don kuɗin hayarsu ya riƙa ciyad da shi har abada. Ƙa'idodin gidan an rubuta su da Turancin zamanin, tsakanin 1448 da 1450, an kuwa ɗebi da yawa daga na gidan gajiyayyun da aka kafa a Landan a 1424 da dukiyar attajirin nan Richard Whittington.

Ga abin da ƙa'idodin suka tsara. Limami ɗaya shi ne Shugaban gida, ɗayan kuwa malamin nahawu, ko wannensu fam 10 a shekara. Ko wane matalauci kwabo 14 a mako, watau kwabo 2 a yini, amma ɗaya daga cikinsu da aka ɗora bisa sauran yana karɓar kwabo 16. Ko wanne yana sa riga mai jan gicciye a ƙirji. An hana su bara, an hana faɗa, wanda ya saɓa kuwa a yanke masa albashi. Babban aikinsu shi ne halartar ibada a majami'a a lokatan da aka ƙayyade kullum, da taruwa wajen kabarin iyayen Alice su yi addu'a ga sarki, da masu gidan, da matattunsu.

Dalilin wannan sharaɗi yana cikin imanin Kiristocin Turai na wancan zamani. Sun ɗauka cewa yawancin rayuka ba su shiga Aljanna kai tsaye, sai sun tsaya a wani matsayi inda a ke tsarkake su da azaba, addu'ar masu rai kuwa tana rage kwanakin wannan tsayawa. Sun kuma ɗauka addu'ar matalauci ta fi saurin karɓuwa. Saboda haka mai dukiya yana bukatar matalauci kamar yadda matalauci ke bukatarsa. In ba a riƙe wannan ba, ba za a gane abin da ya sa aka liƙa gidan gajiyayyu a jikin majami'a ba.

Fasalin Gidan Gajiyayyu

Kafin ƙarni na 15 gidajen marasa galihu a Ingila yawanci dogon ɗaki guda ne, gadaje a jere dama da hagu, wurin ibada a ƙarshen gabas, don wanda ke kwance ya ga limami daga gadonsa. Irin wannan tsohon fasali yana nan a gidan St Mary na birnin Chichester, ginin ƙarshen ƙarni na 13. A Ewelme an bi wata hanya dabam. An yi gida mai kusurwa huɗu, hawa biyu, kewaye da tsakar gida, rijiya a tsakiya. An raba shi mazauni 13, ko wane mutum da ƙofarsa da murhunsa mai bututun hayaƙi. Wannan babban abu ne a zamanin da talakan ƙauye ke hura wuta a tsakar ɗaki, hayaƙi ya nemi hanyarsa ta jinka. Fasali ne da ya yi kama da na kwalejojin Okisfod, aka kuma yi irinsa a gidan St Cross na Winchester a cikin shekarun nan.

Ƙofofin duka tsakar gida su ke duba. Gabansu akwai baranda mai rufi wadda ta kewaye tsakar gidan, an ɗora ta bisa ginshiƙan katako, don tsoho ya fita daga ɗakinsa ya kai ko ina cikin gidan ruwan sama bai taɓa shi ba. Bangon da ke fuskantar tsakar gida firam ne na katako, an cike tsakaninsa da jan tubali, a wasu wurare an jera shi a karkace kamar ƙayar kifi. A tsakiyar ko wane gefe rufin ya ɗaga ya yi tsini, an yi masa ado da sassaƙaƙƙen katako. Gida ne ƙarami, ba shi da tsawo, wanda ya shiga sai ya ji ƙarar hanya ta yanke.

Wannan tsari ya biya bukata biyu a lokaci ɗaya. Ya ba tsoho sirrinsa da mutuncinsa, tun da ba a gama shi ɗaki da kowa ba. Ya kuma sa shi a idon Shugaba, gama ba mai fita ko shiga sai ta tsakar gida. Mazaunin Shugaban yana gefen da ke kusa da majami'a, a nan kuma a ke da ɗakin ajiyar takardun waƙafi. Daga wannan gefe ne matakala mai rufi ta hau ta kai ƙofar yamma ta majami'a. Ita wannan matakala ita ce zuciyar ginin duka. In an kaɗa ƙararrawa, mutum 13 su fito ta barandarsu, su hau, su biya abin da ke kansu. Ba a bar musu uzurin sanyi ko na ruwa ba.

Zancen Tubali

Tubalin da a ke magana a nan ba irin wanda a ke murzawa da hannu a shanya a rana ba ne. Yumɓu ne a ke zubawa a ma'auni mai kusurwa huɗu, a busar, a gasa a wuta har ya yi ja. Rumawa sun yi gini da shi sa'ad da su ke mulkin Biritaniya, amma bayan tafiyarsu sana'ar ta ɓace shekaru ɗaruruwa, sai ta komo ta hanyar ciniki da ƙasar Filandas da garuruwan bakin tekun arewacin Turai. Hull, garin kakannin William, yana cikin waɗanda suka fara rungumarta, gama a ƙarni na 14 da tubali aka yi ganuwarsa.

A zamanin Sarki Henry na 6 jan tubali abin yayi ne na manya. Da shi aka gina fadar Tattershall a lardin Lincoln, da ta Herstmonceux a Sussex, da kwalejin Eton wadda sarki ya kafa a 1440, William kuwa yana cikin masu lura da aikinta. A tuddan Chiltern akwai wani dalili kuma. Ƙasar ba ta da dutsen gini mai kyau, sai alli mai taushi da ƙanƙarar dutse irin wadda a ke ƙyasta wuta da ita, amma tana da yumɓu da itacen gashi. Takardun gidan Stonor, kusa da Ewelme, sun nuna magina 'yan Filandas sun yi aikin tubali a can a 1416 da 1417.

Hannun irin waɗannan magina ya fi bayyana a zauren shiga gidan gajiyayyun. Kan bangonsa ya hau hawa-hawa kamar matakala ta ko wane gefe har ya haɗu a tsini, an kuma yi masa baka na ado da tubalin da aka siffanta musamman. Wannan salo na garuruwan Filandas ne, baƙo ne ƙwarai a ƙauyen Okisfod na wancan lokaci. Gine-ginen Ewelme suna cikin mafiya tsufa na tubali a lardin. Abin lura shi ne, kayan da sarki ya zaɓa wa kwalejinsa, su aka zaɓa wa matalauta 13. Alheri ne, amma kuma shela ce ta arzikin mai gida ga duk wanda ya bi hanyar.

Makaranta

Makarantar tana gindin tudu, gidan malami ya haɗa ta da gidan gajiyayyu. Gini ne dogo mai kusurwa huɗu, hawa biyu, na jan tubali, da madogarai a kusurwoyinsa. Manyan bututun hayaƙi biyu sun fito daga bangon da ke fuskantar hanya, sun haura rufi. Tagoginsa an kewaye su da sassaƙaƙƙen dutse, an kuma sassaƙa mala'iku riƙe da garkuwoyi masu tambarin zuriyar masu gidan. Ko wane hawa babban ɗaki ne mai murhu. Wanda bai sani ba sai ya zaci gidan wani basarake ne, don ya fi gidan gajiyayyun tsawo da kwarjini nesa.

Inda aka sa ta ma yana da ma'ana. Gidan gajiyayyu ya juya wa duniya baya, yana duban cikinsa da majami'a, gama mazaunansa sun gama da duniya. Makaranta kuwa ta fuskanci hanya, don daga waje ɗalibanta ke zuwa, waje kuma za su koma. Ƙa'idodin sun ce malami ya koya wa yaran Ewelme da na gandayen waƙafin nahawu kyauta, ba ya karɓar kome. Nahawu a nan na Latin ne, harshen ibada da shari'a da ilmi a Turai ta lokacin, shi ne kuma mabuɗin shiga jami'ar Okisfod. Ɗan manomin da ya ƙware a wannan ɗaki yana iya zama magatakarda ko limami. Shi malamin kuwa, da ya ke limami ne, yana da nasa rabo na addu'ar masu gidan, watau makarantar ma tana cikin cinikin.

Majami'a da Kabari

Majami'ar St Mary an sāke gina ta a zamanin William da Alice, sai hasumiyarta da ta girme su. Salonta na gabashin Ingila ne, ƙasar sarautar Suffolk. An jera farin dutse da baƙar ƙanƙara a bangon gabas ɗaya bayan ɗaya kamar gidajen dara, aka yi wa gini rawani na tubali mai haƙora. A kusurwar kudu maso gabas akwai sashen Yahaya Mai Baftisma, wanda shi ne wurin ibadar gidan gajiyayyu. Nan kabarin Thomas Chaucer ya ke, wanda ya rasu a 1434, tare da matarsa, nan ne kuma ƙarshen tafiyar da ta faro daga ƙofar ko wane tsoho.

William bai ga amfanin aikinsa da daɗewa ba. Shi ya shirya auren sarki da Margaret ta Anjou, aka sallama wa Faransa ƙasar Maine, bayan haka Normandi ta kuɓuce daga hannun Ingila, jama'a suka ɗora masa laifi. A farkon 1450 Majalisa ta tuhume shi, sarki ya kore shi daga ƙasa shekara 5 don ya tsirad da ransa. Aka tare jirginsa a teku, aka fille masa kai a cikin kwalekwale ran 2 ga Mayu, aka yar da gawar a gaɓar Dover. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Ba a Ewelme aka binne shi ba.

Alice ta yi shekara 25 bayansa, ta riƙe dukiyar gidan da ƙarfi cikin yaƙin basasa, ta aurad da ɗanta John ga 'yar'uwar wanda ya zama Sarki Edward na 4. Ta rasu a 1475. Kabarinta na farin dutse mai sheƙi yana tsakanin sashen Yahaya da wurin limami, hawa biyu ne shi ma. A sama an sassaƙa ta da kambi da kayan sarauta, hannuwa a haɗe. A ƙasa, bayan wasu ƙananan tagogi na dutse, an sassaƙa ta gawa ce ƙeƙasasshiya cikin likkafani, idonta yana duban zanen waliyyai da aka yi a rufin da ke bisanta, wanda mai wucewa ba ya gani sai ya durƙusa. Siffar sama ta nuna mai bayarwa, ta ƙasa ta nuna mai roƙo. Tsofaffin da ke taruwa nan kullum suna ganin duka biyu.

Abin da Ya Wanzu

Zuriyar de la Pole ba ta daɗe ba. Jikan Alice, John, ya mutu a yaƙin Stoke a 1487 yana tawaye, aka kashe ƙanensa Edmund a 1513, ƙasar Ewelme ta koma hannun sarki. Sa'an nan Ingila ta rabu da Paparoma a 1534, aka rushe gidajen sufaye tsakanin 1536 da 1540, a 1547 kuma aka yi doka ta ƙwace waƙafin da aka yi don addu'ar matattu. Ɗaruruwan irinsu suka tafi. Gidan Allah na Ewelme ya tsira, malaman tarihi kuwa suna danganta wannan da cewa sarki da kansa ne ya gaji matsayin majiɓincinsa. A 1617 Sarki James na 1 ya haɗa shugabancin gidan da kujerar babban malamin likitanci na jami'ar Okisfod. Ɗaya daga cikin waɗanda suka riƙe ta, William Osler, daga 1905 zuwa 1919, shi ya sa aka buɗe tsohon akwatin ƙarfe na gidan, aka tarad da takardun waƙafi sun yi laima, aka busad da su, aka gyara.

Makarantar ta yi rauni ƙwarai a wani zamani, aka farfaɗo da ita a ƙarni na 19, yanzu makarantar firamare ce, ana kuma cewa babu ginin makarantar firamare ta gwamnati a Ingila da ya kai shi tsufa yana bisa aiki. A ƙarni na 20 aka gyara cikin gidan gajiyayyun, aka haɗe wasu ɗakuna don su yi faɗi, amma tsakar gida da baranda da matakala suna nan yadda aka bar su.

Imanin da ya haifi wannan gini hukuma ta soke shi shekara 110 bayan iznin sarki. Abin da masu gidan suka sa gaba, watau addu'a don rage azabar kabari, shi ya fara faɗuwa. Abin da suka ɗauka farashi ne kawai, ɗakin tsoho da allon yaro, shi ya rayu kusan shekara 600. Abu uku suka riƙe shi: gandayen da ke kawo kuɗi ba tare da jiran alherin wani ba, da ƙa'idodi rubutattu da a ke iya komawa gare su, da gini wanda ya dace da bukatar da ba ta ƙarewa. Fadar Alice, daga baya aka bar ta ta zube. Tsofaffi da yara kuwa ba su taɓa yankewa a Ewelme ba.